Yatsun Yaya Lorene da Ƙwayar Shekara Biyar

Duluth, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Curtis,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Noreen da yara, ya kuma tsare ka a tekun Alaskan nan da ka zaɓa ka bar mu. Mu nan ƙalau muke, sai ƙanƙara da ta toshe mana ƙofar gareji sau biyu a makon nan. Na san ba ka son dogon karatu, to yau sai ka daure, domin maganar Yaya Lorene ce.

Ka san an gama mata tiyata da gashi, kuma likita ta ce ba a ga sauran ciwon dajin a nonon ba. Abin da ban gaya maka ba shi ne, an ɗora ta a kan wata ƙwaya, ɗaya kullum har shekara biyar, mai danne sinadarin jikin mata da irin ciwonta ke ci ya girma, don kada ya dawo. Wata uku tana sha, yatsunta suka sanƙare, da safe ko maɓallin riga ba ta iya sawa. Ga wata macen wahala ce kawai, amma kai ma ka san Wendell kurma ne, shekara talatin da huɗu da yatsun nan take magana da mijinta. Ranar da ta tambaye shi ko zai sha gahawa ya kasa gane ta har sau uku, ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta fito ta jefa kwalbar a aljihun tebur.

Ni kuwa ka san halina. Na kwaso takardu daga asibiti na zaune mata a kicin ina karanto haɗari. Ta ce in na gama wa'azin in wanke kofina, ita ba ta tsallake wuƙar likita don ta dawo ta zama bebiya a gidan mijinta ba. Haushi ya kama ni, amma tsoro ya fi shi.

Ranar Lahadi bayan coci Wendell ya ɗauko zancen da kansa. Yana ɗaga hannu ta rufe ido. A gidansu haka ake kashe faɗa, wanda ya rufe ido ya gama, ɗayan sai ya ba shi wuri, kuma Wendell bai taɓa karya wannan doka ba. Ran nan ko gezau. Ya ɗebo ruwan ɗumi a roba, ya tsoma hannayenta, ya zauna yana murza su kusan rabin awa har ta gaji ta buɗe. Ni maganar hannu ba ta zauna mini sosai ba, amma wannan na gane ta tsaf. Da hannu ya ce mata ta daina cika baki, hannunta bai taɓa iya magana ba, tun suna saurayi da budurwa kamar mai korar ƙuda take yi, shi fuskarta yake karantawa. Ta watsa masa ruwan tana dariya, ta ce tsohon banza. Sai ya ce jiki nata ne, ba zai ɗura mata ƙwaya ba, amma kada ta kuskura ta ce dominsa ta bari, shi ya fi son hannu mai in'ina na shekara ashirin da mai zalaƙa na shekara biyu.

Washegari Litinin da kanta ta je ta sami likita, ta ce a canza mata wata irin ƙwayar, za ta gwada wata shida, in abin ya ƙi su sake zama. Ni da takarduna ko tuna mu ba ta yi ba, kuma ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba. Yatsun har yanzu suna ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Jiya na tarar tana yi masa faɗa a kan takalmansa, kalma ɗaya bayan ɗaya da ƙyar, shi kuwa ya tsura mata ido ko ƙiftawa ba ya yi, don kada ɗaya ta wuce shi.

Ka gaishe da Noreen, da Dale, da 'yar auta Signe. Lorene da Wendell suna gaishe ku.

Taka har kullum,
Yayarka Ardis