Teburin Malam da Ka Ba Wani a Jirgin Ruwa

Zuwa ga Alhaji Lawali,
Mai kamfanin shirya Umara da tafiye-tafiye,
Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ina gaida Hajiya mahaifiyarka, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ita ba ta yi mini komai ba, kuma na so a ce wannan magana ba ta kai kunnenta ba, amma za ta kai.

Saboda masu karatu da ba su san ni ba, sunana Hajiya Rabi. Ungozoma ce ni, na yi aiki a asibitocin Bunguɗu da Tsafe da Gusau har na yi ritaya. Maigidana shi ne Malam Ɗahiru, tsohon malamin gona, mutumin Tsafe. A Damba muke zaune. Na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin ka rufe mini duk wata ƙofa. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, ana cewa ka fita, alhali ga motarka nan a inuwar darbejiya. Waya ba ka ɗauka. Abin da kawai ya iso mini daga gare ka shi ne kwalin dabino da sallaya da direbanka ya kawo, babu ko saƙon baki. Na mayar maka da su, ina fatan sun isa lafiya.

Na farko, alkawari.

'Ya'yanmu ne suka haɗu suka biya mana Umara a ƙarshen damina, tare da tafiyar shaƙatawa ta 'yan kwanaki a babban jirgin ruwan nan da ke tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya. Malam ne ya ce a ba kamfaninka, don marigayi mahaifinka abokin tasowarsa ne a Tsafe. Da ƙafarka ka zo gidanmu, ka zauna a tabarma, kana Baba, kana Inna. Kai ka yi mana bayanin cewa a jirgin sau biyu ake zaman cin abincin dare, akwai sahun farko jim kaɗan bayan magariba, akwai sahu na biyu bayan isha'i da daɗewa, kuma kowa da teburinsa da lokacinsa har a gama tafiyar.

Ina jin haka na tsayar da kai. Na gaya maka Malam yana da ciwon suga shekara da shekaru, allura yake yi kafin abincin dare, kuma idan aka yi allurar dole abinci ya biyo baya ba jira. Na ce jikinsa ya saba da lokaci ɗaya, ba ya ɗaukar sauyi. Na ce idan sahun farko ba zai samu ba, ka faɗa mana tun yanzu mu yi Umararmu mu dawo gida, jirgin ruwa ba farilla ba ne. Ka yi dariya ka ce wannan ai ƙaramin abu ne, Baba ne farkon wanda za ka sa. Kafin mu tashi ka sake kira ka ce an tabbatar. Kuma gaskiya ka faɗa, Alhaji, an tabbatar ɗin. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai daga baya.

Na biyu, abin da muka tarar.

Da muka shiga jirgin aka ba kowa katinsa, sai namu ya nuna sahu na biyu. Kai kanka kana cikin tafiyar, don haka na neme ka. Ka ce kuskuren masu jirgi ne, za ka gyara kafin gobe. Goben ta zo, ka ce babban mai kula da ɗakin cin abinci bai samu zama ba. Na je wurinsa da kaina da ɗan turancina na asibiti, ya saurare ni cikin ladabi, ya ce teburan ayarinmu a hannun shugaban ayari suke, ba zai taɓa su ba sai da izininka.

A kwanakin nan a can saman jirgi muke cin abinci, inda kowa ke ɗiba da kansa. Wuri ne mai layi da turereniya, jirgi na lilo, ga Malam da ciwon gwiwa. Nakan zaunar da shi in je in yi layin, in dawo da faranti ina dafa bango. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yana ma jin daɗin teku, mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin kunyar gero da ta dawa. Da safe zai tsaya a bakin ƙarfe yana kallon ruwa yana tasbihi, ya ce mini ashe akwai filin da ba a nomawa. Da ka ce mana a haka za a ƙare, wallahi da mun ƙare a haka lafiya lau, da yau babu wannan wasiƙa.

Na uku, yammacin da ka ce an gyara.

Na tare ka da la'asar kuna dawowa daga yawon garin da jirgi ya tsaya, kai da manyan baƙinka. Ko tsayawa ba ka yi sosai ba. Ka ce, "Inna, an gyara. Yau ku sauko bayan magariba, teburinku na nan."

Na tambaye ka ko in yi masa allurar, ka ce in yi. Na yarda da kai. Muka yi sallar magariba, na yi masa allura, ya sa farar shaddarsa da hular da 'yarsa ta saya masa don wannan tafiya, muka sauka. A bakin ƙofa ma'aikaci ya duba katinmu ya ce ba lokacinmu ba ne. Na ce shugaban ayarinmu ya gyara. Ya duba, ya kira wani, wancan ma ya duba, suka ce babu wanda ya yi musu magana. Ta cikin ƙofar ina hango ka, kana zaune a tebur kusa da taga tare da wani babban ɗan kwangila da uwargidansa. Na ɗaga maka hannu. Mun haɗa ido, Alhaji, kada ka ce ba mu haɗa ba. Sai ka sunkuyar da kai kan farantinka.

Babu abin yi sai mu koma sama. Lifta cike take, kowace ta zo sai ta wuce mu. Na ga gumi ya keto wa Malam, na gane sugansa ya fara sauka. Na ciro dabino daga jaka na ba shi, amma ya riga ya fara ruɗewa, ya ture hannuna, ya ce ba ya son ci a tsaye a gaban mutane, ya nufi matakala wai zai hau da ƙafa. Bai yi nisa ba ya sulale. Ya faɗo a kan hannunsa na dama, goshinsa ya bugi ƙarfe, jini ya ɓata farar shaddar. Na yi aikin asibiti tsawon rayuwata, na ga jini iri-iri, amma ban taɓa durƙusawa a kan mijina ina shafa masa zuma a dasashi ina kiran sunansa a gaban baƙin duniya ba sai ranar. Sunan da tun aurenmu ban taɓa furtawa a gabansa ba, ranar na kira shi da ƙarfi. Wasu na taimako, wasu na ɗaukar hoto da waya. Akwai abin da ya faru a wurin da ba zan rubuta ba, saboda mutuncinsa.

Likitan jirgi da ma'aikatansa sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Suga ya dawo daidai, aka ɗinke goshi, aka ce wuyan hannu ya karye. Kai kuwa sai washegari ka leƙo, ka tsaya daga bakin ƙofa ka ce ƙaddara ce, kuma ai ka yi wa wani magana, ka ɗauka an gyara.

Na huɗu, yadda na san gaskiya.

Da na so in yarda cewa sakaci ne kawai. Sakaci ana yafe shi. Amma kafin jirgi ya koma Jidda na haɗu da uwargidan ɗan kwangilar nan a wurin sallar mata. Baiwar Allah ce mai sakin fuska, ba ta san ni ba, kuma ba ta san matar wanda ya faɗi ba ce ni. Hira ta kawo hira, take yabon ka. Ta ce sun yi rajista a makare, aka ce sahun farko ya cika, maigidanta kuwa ba ya son cin abinci a makare don yana hana shi barci.

Ta ce, "Ai Alhaji Lawali mutumin kirki ne. Nan take ya ce akwai wasu tsofaffi 'yan gida, ba su da matsala, zai mayar da su baya ya ba mu nasu."

Na tambaye ta ko ka gaya musu tsohon ba shi da lafiya. Ta ce a'a. Sai na gaya mata ko ni wace ce. Matar nan ta riƙe hannuna tana kuka, har ɗakinmu ta biyo ni ta ba Malam haƙuri, ita da ba ta san komai ba. Ba na riƙe da ita ko mijinta, shi ya sa ban ambaci sunansu ba. Kai ne ka san da allurar. A tabarmar gidana na gaya maka. Ka auna mu ka ga 'yan gida ne, masu kunya, waɗanda ba za su ɗaga murya ga ɗan abokinsu ba, ka ɗauke abin da ran mutum ya rataya a kansa ka yi kyautar neman shiga da shi.

Ga halin da Malam yake ciki, tunda ba ka tambaya ba. Ɗorin ya kama, amma yatsun ba sa rufewa sosai, ni nake ɓalla masa maɓallin riga. Gonarsa ta Wonaka, wadda tun yana aiki bai taɓa bari a yi girbi ba ya tsaye a kai ba, bana an yanke gero an ɗaure ba ya nan. Ba hannun ne ya hana shi ba. Hoton faɗuwarsa ya riga mu isowa gida, ya zaga wayoyin mutane har Tsafe. Mutumin da ba ya rasa ɗaurin aure ko jana'iza, yanzu daga masallacin unguwa sai ɗaki. Ya ce in bar ka da Allah, shi ya yafe saboda mahaifinka. Wannan haƙƙinsa ne, ya yi yadda ya so da shi. Nawa haƙƙin yana hannuna, kuma ban yafe ba.

Don kada ka ce an yi maka a ɓoye, ga abin da na riga na yi. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan lafiya da ke shirin tafiya Umara ta hannunka, na tsaya a gabansu na ba da wannan labari, sun fasa. Matan Islamiyyarmu a Bunguɗu sun ji. Manoman Rawayya da Malam ya yi wa hidima shekaru, waɗanda in kaka ta yi kyau wurinka suke zuwa, da suka zo duba shi ban ɓoye musu komai ba. Kuma ban gama ba. Da wuya ka sami unguwa a garuruwan nan uku da na yi aiki wadda ban karɓi haihuwa a cikinta ba, kuma har yau ana gayyatata suna da biki. Duk inda na zauna aka ambaci Umara, zan ba da labarin teburin nan daga farko har ƙarshe. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, don gaskiyar kaɗai ta ishe ka. Hukumar da ke ba irinku izinin ɗaukar mutane ita ma zan kai mata ƙara, da ƙafata.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma kada ka aiko mini da kuɗi ko tsaraba.

Ka zo Damba da kanka, da rana, tare da dattawan Tsafe da suka san mahaifinka. Ka durƙusa a gaban Malam ka faɗi abin da ka yi da bakinka. Ba na son jin "an samu kuskure", ba na son jin "ƙaddara". Ka ce, na ɗauke teburinka na ba wani, na kuma ce a yi maka allura alhali ban gyara komai ba. Sannan ka faɗi haka a fili, a nan inda na rubuta wannan, domin waɗanda suka ga hotonsa a ƙasa su san wanda ya kai shi ƙasan. Kuma daga yau, duk tsoho ko mara lafiyar da aka damƙa maka, in ba za ka iya riƙe amanarsa ba ka faɗa tun a gida. Ranar da ka yi waɗannan zan yi shiru. Kafin ranar, ni da kai ne.

Ina roƙon Allah Ya shirye ka, Ya raya maka zuri'a, Ya ba ka tsawon rai har ka tsufa, har ka kai lokacin da lafiyarka za ta dogara ga maganar wani. Idan lokacin ya zo, Allah Ya haɗa ka da wanda zai riƙe ka daidai yadda ka riƙe mu. In ka ji wannan addu'a ta yi maka nauyi, ka san hanyar gidanmu.

Wassalam.

Hajiya Rabi, matar Malam Ɗahiru,
Damba, Gusau.