Kwanon Jerena Mai Fure

Illela, daren Talata, Maris 1989

Maigidana Malam ya dawo daga bitar ma'aikatan lafiya a Sakkwato. Na sa rai da sabon littafin soyayya, sai ga shi da tukunyar dafa allura da zancen ciwon sida, wato ƙanjamau. An ce musu duk yadda sanƙarau ya cika asibiti bana, kada su yar da masu ciwon nan.

Nan take ya tambayi lafiyar Sanda, direban da ke maƙwabtaka da mu, wanda kowa ya guje wa tun da ya rame. Ni ma a tsohuwar ƙwarya nake aika masa tuwo, in ce kada a maido.

"Balki, yau zuba mashi a kwanon jerenki," in ji Malam.

"Na aurena? Mai fure?"

"Tsoron mi? An koya muna, ba a ɗaukar shi a kwano. Ƙwaryar nan taki ta fi ciwon cin shi."

Na zuba, na aika ina ɗari-ɗari. A littattafaina jaruma ba ta ɗari-ɗari.

Bayan isha'i uwar Sanda ta maido kwanon da kanta. Ta dirje shi da toka har furen ya dushe, ta tsaya bakin ƙofa.

"Ɗiyata, in aje ƙasa?"

Na karɓa daga hannunta, na ɗebi ruwan randa da shi, na sha tana kallo. Ta rufe fuska da mayafi.

Har yanzu tsoron bai sake ni ba. Amma gobe a cikin kwanon nan zan kai wa Sanda kunu.