Koren Bangon Mama

Barranquilla, 4 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Efraín,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Consuelo da yara. Yaya sanyin Madrid, yaya ciwon bayan naka? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mama tana gaishe ka. Yau da safe ma sai da ta tambaye ni ko ka dawo daga makaranta, na ce kana hanya. Shekararka hamsin da ɗaya, Auta, har yanzu ba a tashe ku ba.

Rubuto maka na yi saboda a waya ba ka barin mutum ya dire magana. Batun gida ya tabbata. Tun faɗuwar da Mama ta yi a banɗaki likita ya ce kada a ƙara barin ta ita kaɗai, ga mantuwar nan kullum ƙaruwa take. Za ta dawo wurina, gidan kuma a sayar, kamar yadda muka yi da kai.

Dillalin, Don Wilmer, ya zo dubawa. Ya tsaya tsakiyar falo yana kallon koren bangon nan kamar wanda aka ɗura wa magani. Ya ce, "Haba Doña Maritza, ke da kike shirya wa mutane gidaje su sayu, naku gidan ne haka?" Na ji kamar in nutse.

Shekara goma sha bakwai ina wannan sana'a, kai kuwa har yau "mai jera filo" kake ce mini. To bari in ƙara gaya maka, ko za ta shiga wannan karon. Mai saye ba gidan wani yake son gani ba, nasa yake son gani. In ya shigo ya tarar da hoton kakan wani a bango, sai ya ji shi baƙo ne, ya juya. Shi ya sa ake kwashe komai, a shafa farin fenti, a sa labule mai shara-shara, a bar gida kamar ba a taɓa yin atishawa a cikinsa ba.

Jiya na bi kusurwa-kusurwa na ɗauki hotunan yadda gidan yake kafin in taɓa shi, kamar yadda nake yi a kowane aiki. Ledar tebur mai zanen lemo, kalandar kantin magani da ta ƙare shekara tara da suka wuce, keken ɗinki, kujerar lilo, hoton Yesu da 'yar jar fitilarsa. Har tabon man gashin Baba yana nan a bango, inda yake jingina kai yana jin rediyo. Shekara ashirin da rasuwarsa, tabon ko gezau.

Ranar Juma'a zan kai Mama gidan maƙwabciyarmu Doña Otilia ta kwana biyu, ni da ma'aikatana mu gama komai. Lahadi bayan coci in dawo da ita ta ga aikin 'yarta. Ka san ba ta taɓa ganin gidan da na shirya ba, kuma ina so sau ɗaya dai in ji ta ce na iya wani abu. Ni da ita za mu zauna ciki har a sami mai saye.

Ka gaida kowa. Ka riƙa sa rigar sanyi, ba ka da jiki.

Yayarka,
Maritza

Barranquilla, 14 ga Maris

Efraín,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya. Na ga kiranka har sau shida, ban ɗauka ba ne don na san kuka kawai zan yi maka. Kada hankalinka ya tashi, Mama tana nan da ranta. Amma na yi ɓarna, Auta, kuma da hannuna na yi ta.

Gidan ya yi kyau, wannan kam ba ƙarya. Don Wilmer har hularsa ya cire. Ranar Lahadi na riƙo hannun Mama, na buɗe ƙofa ina ta murmushi kamar wawuya. Sai ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara wuyan rigarta, ta ɗaga murya ta ce, "Gafara dai, masu gida!"

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Na ce, "Mama, gidanki ne fa." Ta dafa ni ta ce, "Ke, rage murya, kada ki ba mu kunya. Goge ƙafarki."

Ta zauna a gefen farar kujerar da na kawo, a ɗofane, jakarta bisa cinya, ta riƙe da hannu biyu. Haka ta wuni. Na dafa mata romon sancocho, na cika shi da rogo da agada yadda take so. Ta kalli kwanon, na ga maƙogwaronta ya motsa, amma ta ture. Wai ba a shiga kicin ɗin mutane a ɗebo musu abinci ba su nan, ba haka ta rene ni ba. Ko kofi ta ƙi sha. Gado kuwa cewa ta yi zanen mutane fari ne, za ta ɓata musu. Bayan kowane ɗan lokaci sai ta matso ta raɗa mini, "Maritza, mun daɗe fa. Yaushe za mu koma gida?"

Me zan ce mata? A tsakiyar falon da ta haife ka take tambayata.

Kwana biyu muna haka, ban da ruwa ba abin da ya shiga cikinta. Ranar Talata wasu mata da miji suka zo duba gida. Mama ta miƙe da sauri har tana tangaɗi, ta ce musu, "Ku yi haƙuri, mun shigo ba ku nan. Gidanku ya yi kyau ƙwarai, Allah ya sa albarka." Matar ta ji daɗi, ta rungume ta. Ni kuwa na shige banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Su ne suka saya. Kwana huɗu kacal da fara gyaran, ban taɓa sayar da gida da wuri haka ba. Na yi niyyar in ce a fasa, in maido da koren fenti, amma ko na maido, banɗakin da ta faɗi yana nan, kuma ba mai kwana da ita. Ƙarshen wata za a miƙa makulli.

Na mayar da ita wurin Doña Otilia, tunda gidan ta san shi shekara arba'in. A can takan ci cokali uku ko huɗu, don kunyar ƙawarta. Sauran lokaci tana bakin taga da jaka a hannu, tana jiran in zo in kai ta gida. Zobenta har ya fara juyawa a yatsa. Doña Otilia ba ta raga mini ba. Ta ce, "Ke da iliminki! Tsohuwar da ba ta san ranar mako ba, da me kike zaton take gane gidanta? Da lambar ƙofa?"

Gaskiya ta faɗa. Ni da nake cika baki cewa aikina shi ne in sa baƙo ya ji kamar gidansa ne, ban taɓa tambayar kaina me yake yi wa mai gidan ba.

Ka sa mu a addu'a. Kada ka ce "ai na gaya miki," don ba ka gaya mini ba.

Taka,
Maritza

Barranquilla, 2 ga Afrilu

Ƙanena abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Na ji Consuelo ta yi mura, ina fatan ta warware. Na gode da wasiƙarka, da kuma rashin gorin da ka yi. Na san ya yi maka wuya.

Zauna ka ji. Ka tuna hotunan da na ɗauka kafin in taɓa gidan, waɗanda na yi niyyar nuna wa masu ba ni aiki su ga irin munin da nake gyarawa? Su na wanko manya-manya na manna a ƙofar falona. Na kwashe kayana tas, kujerun da na yi shekara uku ina zaɓe, na tura su sito. Na ɗebo na Mama.

Fenti ne ya fara ba ni wuya. Na koma tsohon gidan da wuƙa, na kankare farin da na shafa a bayan ƙofa har na ciro ɓawon kore, na kai wa mai haɗa fenti. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Doña, wannan launin ai tun zamanin kakata aka daina shi. Wa ya yi miki laifi?" Sau biyar yana haɗawa ina cewa bai yi ba. Ledar tebur kuwa na riga na jefar, sai da na zaga kasuwa kwana biyu kafin na samu irinta, na shanya ta a rana, na goge ta da soson ƙarfe don ta tsufa. Kalanda Allah ya taimake ni, Doña Otilia ta tsince ta daga shara ta ɓoye, wai ta san zan dawo hankalina.

Komai da awo na mayar. Taku nawa daga ƙofa zuwa kujerar lilo, ƙusar da take rataye jaka, hoton Yesu da ya ɗan karkace hagu. Na zuba kafur a durowa, na ɗora kofi a wuta. Da na gama na tsaya ina kwatantawa da hoton, na ga saura abu ɗaya. Kada ka yi mini dariya, Auta. Na sayo man gashi irin na Baba, na shafa a ƙeyata, na zauna inda yake zama, na jingina da bango ina goga kai. Kusan awa guda ina yi kafin tabon ya fito. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Jiya da hantsi na ɗauko ta. Tsorona shi ne gidana a hawa na uku yake, kuma ba bishiyar mangwaro a taga kamar tsohon gida. Na buɗe ƙofa na koma gefe.

Ba ta ce gafara ba. Shigewa ta yi kai tsaye, ta rataye jaka a ƙusa ba tare da ta duba ba, ta tuɓe takalma ta watsar. Ta faɗa kujerar lilo ta ce, "Wash! Mutanen can suna da kirki, amma gidansu ba wurin zama." Ta leƙa taga ta ga babu mangwaro, ta ce ai ta san mijin Otilia ne ya sare, tun da can ya tsani bishiyar. Bawan Allah yana kabari shekara shida, amma na bar shi da laifin.

Sai ta juyo ta harare ni. "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Mutum ya dawo daga tafiya ba abinci?" Kwano biyu ta ci, Efraín, ta suɗe ƙashi, ta ce gishiri ya yi yawa. Ta ce in ajiye maka naka a rufe kafin ka dawo. Na ajiye. Ka nemi hutu ka zo ka ci tun tana iya gane fuskarka, wannan ba roƙo ba ne.

Da ta tashi wanke hannu sai idonta ya kai kan bangon. Ta sa yatsa ta dangwali tabon, ta shinshina, ta girgiza kai. Ta ce, "Sau nawa zan gaya wa ubanku ya daina jingina kansa a nan? Dubi, ɗanye ne ma, yanzu ya tashi. Ke da kike taƙamar gyaran gida, ko wannan ba ki iya gogewa ba?"

Na ce mata to, Mama, gobe zan goge. Yau da safe ta sake faɗa, na sake cewa gobe.

Sauran man yana cikin jakata, in ya dushe in ƙara.

Yayarka mai jera filo,
Maritza