Abin da Za a Ce Na Ce

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwoyinki da keken ɗinkinki. Na so in kira ki a waya, sai na tuna bara, ina cewa "ya jiki" kina cewa "wane biki?" Shi ya sa na ba direba takarda.

Sati uku ke nan ina asibiti. Likita ya daina ɓoye mini, ni ma ba zan ɓoye miki ba. Hanta ce, kuma ciwon ya yi nisa. 'Yarki, tilon tawa, ta ɗauki hutu a wurin aiki, ita ke jinyata.

Abin da ke damuna zai ba ki dariya. Shekara talatin da takwas ina karanta labarai a rediyo, na sanar da rasuwar manya ba adadi, kowanne da maganarsa ta ƙarshe mai daɗin ji. Yanzu in abokan aiki suka zo dubiya, ina ganin yadda suke kasa kunne da na buɗe baki. Jiya na ce a miƙo mini roba zan yi amai. Na ce a raina, in a nan na cika fa? Abin da za a karanta wa duniya ke nan?

Don haka na tanadi jimla: "Gaskiya ita ce jarin ɗan jarida." Ki duba mini, tunda ke ba kya jin kunyata.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni ina kafa hannun riga. Na karanta, na kafa shi a baibai, sai da na farke. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Jimlarka kuwa ta yi kyau, a bayan babbar mota. Ka ba direbanka ya kai wa mai fenti.

Kai har yanzu kana ganin za a ɗaga maka hannu a ce saura minti ɗaya, ka gyara murya? Na zauna a kan mutum shida suna barin duniya, ban ga wanda aka yi wa haka ba. Mijina, Allah ya jiƙansa, mutumin da in ya fara nasiha sai shayi ya huce, abin da ya ce na ƙarshe shi ne, "Wa ya sake taɓa mini tabarau?" Suna kan hancinsa.

Ka yawaita kalmar shahada, ka sha maganinka, ka bar manya da nasu. Ga hular sanyi nan na saƙa maka, na san asibiti da fanka. Kada ka ce ta yi maka yawa, kanka na auna da ido tun kana rarrafe, kuma bai ragu ba.

Ka gaida 'yata.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Hula ta iso, tana kaina. Mai shara ta ce na yi kama da maigadi.

Maganar manya, bari in tona mana asiri. Ba duka suke faɗin abin da muke karantawa ba. Akwai wani babban attajiri da ya rasu ina sabon ma'aikaci. Ɗansa ya gaya mana da bakinsa cewa tsohon silifas ɗinsa yake ta nema har ya cika. Shugabanmu ya ce ba za a karanta silifas a labaran rana ba. Ni aka ba biro. Na rubuta, "Ku riƙe zumunci." Har yau akwai makarantar da ta rubuta shi a bangonta.

Yaya, duk wannan kewaye-kewaye ne. Ba tawa maganar ce ta hana ni sukuni ba, ta Inna ce.

Kin aiko mini ranar Litinin cewa jikinta ya tsananta. Na ce sai Asabar, saboda a satin aka fara ba ni labaran rana, ina tsoron in na tafi a ba wani. Ta rasu Alhamis. Na iso an riga an kai ta. Na tambaye ki a bakin ƙofar ɗakinta ko ta bar wata magana, kika ce ba ta ce komai ba, kika ci gaba da ninke kayanta. Ban sake tambaya ba. Shekara talatin da ɗaya muna gaisawa, muna barkwanci, amma ba mu taɓa komawa bakin ƙofar nan ba.

Na san Inna. Ba ta iya shiru ko a cikin barci. In fushi ta yi da ni, ki faɗa mini yadda ta faɗa, kada ki gyara. Gara in sani in nemi gafara tun ina da numfashi.

Ki yafe mini barin ki da na yi ke kaɗai.

Auta

*

Auta,

Sallama. Kwana biyu direbanka yana zuwa yana komawa hannu wofi. Ba laifinsa ba ne, ni ce na kasa.

Ƙarya na yi maka. Ta yi magana.

Wata huɗu ina jinyarta. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, na mayar da kekena ɗakinta don in riƙa ɗinki ina kallonta. Ranar Alhamis ɗin tun safe ba ta ce uffan ba. Da rana ta yi, ta nuna rediyo da ido, na kunna. Lokacin kunnena garau yake. Ka fara karantawa, ta rufe ido, na zaci barci ne. Can sai ta kama zanena ta ce, "Ji muryarsa. Mura yake yi. Wa ke kula da yaron nan?"

Shi ke nan. Ba ta ƙara ba. Kafin ka gama labaran ta tafi.

Babu fushi a ciki, ko ɗigo. Ni ce na yi fushin. Ina tsaye a kanta, bayana kamar zai karye, hannuna duk ya tsage da wanki, amma maganarta ta ƙarshe ta wanda bai zo ba ce. Da ka shigo da takalminka mai ƙyalli kana tambaya, na ce a raina wannan kam ba za ka samu ba. Na yi niyyar in faɗa maka bayan kwana bakwai, sai ya zama shekara, daga nan kuma kunya ta hana.

Sai da na haifi nawa suka watse na gane. Wanda ke gabanka kana ganinsa, hankalinka kwance. Na nesa shi ke cin rai.

Kai za ka yafe mini, kayanka ne na riƙe. Ka turo mota jibi, a sa mini matashi a baya saboda gwiwa. Zan zo in ga hular da idona.

Yayarka

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarin haƙurinmu. Ranar da kika zo gaisuwa gidan ya cika, ban samu na zauna da ke ba, shi ya sa na rubuto.

Kwana biyun da kika yi mana a asibiti su ne mafi daɗi da Baba ya yi a ɗakin nan. Yana rubuta miki a takarda, ke kuma kina ba shi amsa da ƙarfi, har masu jinyar ɗakin kusa sun san labarin ranar da ya faɗa randa. Bayan kin koma ya yaga 'yar takardar jimlar nan da ya tanada, wadda yake ɓoyewa a ƙarƙashin matashi, ya ce in zuba a shara.

Kin ce in gaya miki yadda aka yi, kada in rage. Ranar Talata da hantsi ya yi kalmar shahada, ni da ma'aikaciyar jinya muna ji. Sai ya lumshe ido. Ina tsaye ina gyara masa bargo, ya buɗe ido ya dube ni sosai, ya ce, "Tun jiya ban ga kin sa komai a bakinki ba. Je ki ci abinci." Na ce to, Baba, yanzu. Ban tafi ba. Bai ƙara magana ba.

Da yamma na ji gidan rediyonsu sun ce maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Ku kula da amanar masu sauraro." Har da kiɗa mai taushi a ƙasa. Jaridu ma sun ɗauka. Gwaggo, bai faɗa ba. Shugabansu ya kira ni ya ce girmamawa ce. Raina ya ɓaci, na rubuta musu takardar gyara, amma ban aika ba. In na aika, kowa zai ji abin da ya ce mini, ni kuma ban san ko ina so a ji ba. In na yi shiru, na bar ƙarya a kan mutumin da ya tsani a yi masa gyara.

Ki ba ni shawara. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

'Yarki

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Ki ajiye takardar. Su sun yi rashin murya, sun ɗinka abin da zai rufe musu wurin, ki bar musu. Wadda ya faɗa ba da masu sauraro yake ba, da ke yake. In wata rana kin ga dama ki faɗa, taki ce. Abu ɗaya kawai, kada ki hana wanda yake da hakkin ji.

Na share ɗakin baya, na sa sabon labule. Ki zo ki yi mini sati biyu, ba sai kin yi magana ba, dama ba ji zan yi ba.

Amma kin bar abu ɗaya ba ki faɗa ba, na karanta sau uku ina nema. Kin je kin ci abincin?

Gwaggonki