Ɗan Majalisar da Ba Shi da 'Yan Rakiya

Laraba da dare, unguwar Al Karama a nan ƙasar waje, 2012

Yau na kunyata kaina. Otal ɗin da nake wa aikin direba ya tura ni filin jirgi in ɗauko wani tsohon ɗan majalisar Birtaniya. Dattijon ya shiga mota da 'yar jakarsa, ni kuwa na tsaya riƙe da ƙofa ina leƙen bayansa. Ya ce me nake jira? Na ce, "Sauran jama'arka, yallaɓai." Ya yi dariya har da tari.

A hanya ya ce shekara ashirin ya yi a majalisa. Da ya faɗi zaɓe, da kansa ya kwashe takardunsa a kwali, ya hau jirgin ƙasa ya koma gida. Wayarsa ta yi tsit, kowa ya daina kiransa. Sai wata tsohuwa da ya taɓa tsaya wa aka gyara mata rufin ɗaki, ita kaɗai ke aiko masa gaisuwa duk shekara.

Kawu Sale ya sake kira, wai in dawo gida in tsaya takarar kansila, jama'a suna bayana. Na ce to, inshallah.

Na kwanta na tashi ya fi sau uku. Ina ta bin fuskokin jama'ar nan ɗaya bayan ɗaya, wallahi ban ga mai zame mini irin tsohuwar dattijon nan a cikinsu ba.