Motata Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Henties Bay, ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Gawie,

Ina gaishe ka gaisuwar jini, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya a Windhoek, kai da Trudie da yara. Ubangiji ya ƙara maka lafiyar bayan nan da kake kuka da shi. Ni dai alhamdu lillahi, sugan ya kwanta, dungulmin ƙafar da aka yanke ma ya daina ƙaiƙayi tun da sanyi ya ragu. Kifi ya samu bana, har maƙwabcina Baba Izak yana kawo mini fiye da abin da zan iya gasawa.

To Gawie, da kai nake, kuma raina a ɓace yake. Ranar Asabar ina murza ƙullin burodi sai ga wani dillali da jar hula yana zagaya motata da nake zaune a cikinta yana harbin tayoyi da ƙafa. Ko sallama babu ya leƙo, ya buɗe kabad ɗin da nake ajiye kayan ciki, wai yana duba tsatsa. Da na tambaye shi lafiya, sai ya ce ai mai motar ne ya aiko shi, kuma in kwantar da hankalina, Mama, an ce ɗaki na jirana a birni, wa zai bar tsohuwa mai ƙafa ɗaya cikin gwangwani? Baba Izak ne ya taso da ƙugiyar kifi a hannu, ya ce masa kai ɗan nan, in gwangwani ne to kifin da ke ciki yana nan da ransa, ka ja jar hularka ka ƙara gaba kafin in gwada maka yadda ake fiɗa. Na yi dariya a lokacin, amma da na rufe ƙofa kuka na yi.

Mai motar! Don marigayi Barend ya sa sunanka a takardun lokacin da yake asibiti, shi ne ka zama mai motar? Amana mijina ya ba ka don kada in sha wahalar ofisoshi, bai ce ka sayar da ni ba. Kai da na goya har bayana ya yi kanta, ko waya ba ka iya ɗagawa ka ce Yaya, ga abin da muke tunani.

Na san kai da Trudie kuna cewa wurin ya yi mini ƙunci. Ƙuncin nan shi ne ƙafata. Daga gado in na miƙa hannun dama na kama teburi, na hagu na kama murhu, in juya kafaɗata ta jingina da ƙofar bayi. Barend ya ɗaura mariƙi duk inda hannuna ke sauka, ya auna su da tsawona. A cikin motar nan ba na taɓa sanda, in yi girki, in yi wanka, in share, ba mai riƙe ni.

Bari in faɗa maka abin da ya faru a gidanka lokacin Ista, tunda ɗakin da kuke tanadar mini ke nan. Ran da kuka tafi coci kuka bar ni in huta, na fito ɗaukar ruwa, sanda ta zame a kan tayil ɗin nan mai sheƙi na Trudie. Na faɗi tsakiyar falon da kuke alfahari da faɗinsa. Na duba gabas, na duba yamma, babu abin kamawa ko ɗaya, bango yana can kamar wani gari. Da gindi na ja jiki har kujera, fitsari ya kufce mini a hanya, na goge da ɗankwalina kafin ku dawo. Kuka shigo kuna tambaya ko na ji daɗin hutawa, na ce ƙwarai.

Saboda haka jiya Baba Izak ya duba mini mai da ruwa, ya naɗe rumfar motar. Motar ita ke canja giya da kanta, ƙafar dama kuwa tana nan daram. Kafin takardar nan ta iso gare ka na bar Henties Bay, kada ka wahalar da dillalinka. Ba zan faɗi inda na nufa ba sai ran da ka mayar da sunana kan takardun. In kuwa ka zaɓi kai ƙara, to ka je da bakinka ka gaya wa 'yan sanda yayarka ta sace gadon da take kwana a kai.

Ka gaida Trudie, ba na riƙe ta da komai. Ka shafa mini kan Elzaan da ƙaramin Barend, ka ce gwaggo ta ajiye musu busasshen kifi. Ka riƙa shan maganin bayanka.

Yayarka, wadda har yanzu take sa ka a addu'a,
Lenie Beukes