Bargon Da Na Lulluɓa Wa Kwamfutar Yayana

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin wanda nake yi wa kaina ma bai bar ni na ci abinci ba. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, a cikin garin Daura. Ba ni da yawan magana, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin muryata ta fito. Da wayar ƙawata nake rubutowa, kuma sunan da za ku gani a ciki na canza shi.

Yayana aikin haɗa sola yake yi, kullum yana ƙauyukan Baure da Babban Mutum. Tun yana yaro ba abin da yake so kamar mota, amma Baba ya hana shi tuƙin haya. To sai ya mayar da son nasa kan wasan tseren mota na kwamfuta, irin wanda ake zama a kujera da sitiyari da birki da totur kamar gaske. Shekara biyu yana tara kayan ɗaya bayan ɗaya a ɗakinsa na soro. Kujerar ma ta wata tsohuwar mota ce ya samo a gareji, ni na wanke ta da omo. Ya jera allon kwamfuta uku, ɗaya a gaba, biyu a gefe sun ɗan karkato, wai don ya riƙa ganin motar da ke son wuce shi ta gefen ido. Abu ɗaya ya rage, shi ne katin da ke zana hoton, wanda suke kira katin girafik. A kan katin nan shi da amininsa Yaya Sagir, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, suka shafe makonni suna gardama. Ni ce mai kai musu shayi, saboda haka duk a kunnena aka yi.

Yaya wani sabon kati ƙarami yake so, mai fitilu masu canza launi. Yaya Sagir kuwa wani babba na hannu ya gani a Kano, mai fanka uku. Yakan ce, “Kai ɗan ƙauye, fitila za ka tuƙa? Allo uku ba allo ɗaya ba ne. Duk abin da kati zai zana sau uku zai zana shi, kuma cikin ƙiftawar ido. In ƙwaƙwalwarsa ta yi kaɗan hoto zai riƙa tsinkewa, kana shiga kwana sai dai ka ga kanka a jikin katanga.” Yaya ya ce, “Injiniyan bogi, kai dai ka fi son kayan da wani ya gaji da su.” Sai su yi dariya su sake dawowa farko. Sun yi maganar akwatin da ke ba kwamfutar wuta, cewa sai an canza shi da mai ƙarfi. Sun yi maganar ko inbata, na’urar da ke ba ɗakin wutar sola, za ta ɗauka. Har tef ɗin ɗinkin Inna na ɗauko musu suka auna cikin kwamfutar, su ga ko babban katin zai shiga.

Wata rana Yaya ya bar hoton ƙaramin katin a buɗe a wayarsa, na zo kwashe kofuna na leƙa. Ni ce mai share bayan allunan, na san yadda kan wayoyinsu yake, kowanne da kusurwa ɗaya a yanke. A bayan katin na ga ramuka huɗu, amma biyu ne kawai masu irin wannan yankan. Na daɗe a tsaye da tire a hannu kafin na iya cewa, “Yaya, allo na ukun a ina za a soka shi?” Suka ƙura wa hoton ido. Yaya Sagir ya tafa hannu ya ce, “Malama ta kashe gardama. Mu muna ta surutu, ita tana ƙirga ramuka.” Tun daga ranar Malama yake kirana. Da maganata aka sayo babban katin, mai ramukan da za su ɗauki allo ukun. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma yanzu ba abin da ke ƙona min rai kamar tuna ta.

Ranar da aka haɗa, ina bakin ƙofa Yaya Sagir ya ja kwamfutar ya raba ta da bango. Ya ce, “Katin nan numfashi yake yi. Ta gaba yake shaƙa, ta sama da baya yake fitarwa. Ka san zafin garin nan. Kada ka ɗora masa komai, ko hula. Ga lamba nan a saman allo, in ta yi ja ka tsaya.” Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Yaya ya miƙo min makulli ɗaya ya ce, “Auta, ki share, ki goge, amma kada ki kunna komai.” Na ce to.

Sati biyu na cika alkawari. A na uku, ina goge sitiyarin, sai na zauna a kujerar don kawai in ji yadda take. Daga zama sai kunnawa, domin na riga na haddace duk abin da Yaya ke dannawa. Anti, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Hanya ta buɗe a gabana, bishiyoyi na wucewa ta dama da hagu, sitiyari na rawa a hannuna in taya ta hau tsakuwa. Ni da ko keke ba a bar ni na koya ba. Ni da in za a aike ni sai an haɗa ni da wani. A cikin kujerar nan ba wanda ke ce min ki yi a hankali, ki sauke murya, ki gyara mayafi. Shin laifi ne mutum ya so abu haka? Na san amsar, laifin ba a son yake ba.

Matsalar ita ce ƙara. Sautin wasan nakan kashe shi, amma da zarar tsere ya yi zafi sai fankokin katin su tashi da gurnani kamar injin markaɗe daga nesa. Ɗakin Inna kuwa bango ɗaya ne da na Yaya, kuma bayan azahar take kwanciya, daidai lokacin da nake shiga. Rannan ta ce min, “Wai shara ce ke ɗaukarki awa guda? Kuma ƙarar me nake ji?” Na ce fankar sama ce. Wannan ce ƙaryata ta farko. Washegari sai na ɗauko jan bargon Yaya na sanyi daga saman sif, na ninka shi biyu, na lulluɓe kwamfutar ruf, har ina cusa gefensa ta ƙasa. Ƙarar ta mutu. A gidanmu komai mai daraja rufe shi ake yi, talabijin da kyallensa, keken ɗinki da nasa, sai na riƙa gaya wa kaina ai rufewa kulawa ce. Amma na sani. Duk sanda na yaye bargon sai in ji shi da zafi kamar an sauke shi daga kan tukunya. Sau shida na yi haka.

Na bakwai ranar Asabar ce, tsakiyar bazara, Yaya ya tafi Babban Mutum haɗa solar rijiyar burtsatse. A ranar ne karo na farko na kai matsayi na biyu, motar gaba tana daf da ni, ina ganin fitilun birkinta. Lambar saman allo ta koma ruwan ɗorawa, na gani. Ta koma ja, na gani. Na ce zagaye ɗaya kawai, in wuce shi in kashe. Ban kai kwana ta uku ba sai wasu korayen layuka suka tsaga allon hagu, sannan na tsakiya, sai duka ukun suka yi baƙi. Wani wari kamar na ƙonannen roba ya cika ɗakin. Na fizge bargon, na danna, na sake dannawa, fitilar kwamfutar na kamawa amma allunan shiru. Kun san abin da na yi? Ban kira kowa ba. Na ninke bargon yadda na same shi, na mayar saman sif. Na ɗebo garwashi na sa turaren wuta har warin ya ɓace. Na share sawun ƙafata, na kulle ƙofa, na je na taya Inna tsince shinkafa. Wace irin yarinya ce ke da natsuwar yin wannan?

Da Yaya ya dawo ya kunna bai ga komai ba, ya kira Yaya Sagir. Yaya Sagir ya zo da jakar kayan aikinsa, ya kwance katin, ya shinshina, ya juya shi a hasken taga. Ya ce, “Zafi ne ya kashe shi. An toshe masa iska.” Yaya ya ce, “Wa ya toshe? Ga shi nan inda ka ajiye shi da hannunka.” Yaya Sagir ya sa ɗan tsinke ya zaro wani jan zare-zare daga cikin fanka, ya ɗora a tafin hannunsa. Ina tsaye da butar shayi ina kallon zaren. Sai Yaya ya ce, “Ka gani ko? Dattin gidan mai shi na farko ne. Gajiyayyen kaya ka kawo min, ka wanke shi ka ce lafiyayye ne. Na ce maka sabo nake so.” Yaya Sagir ya ce, “Ni na buɗe katin nan na goge shi kafin in kawo, mutumina. Ba zare a ciki.” Yaya ya ce, “Kada ka ƙara ce min mutumina.” Mutanen da tare aka kai su makarantar allo, tare suke buɗa-baki duk azumi. Yaya Sagir ya ɗago ya dubi saman sif, ya dube ni sau ɗaya, sannan ya rufe hannunsa a kan zaren ya sa a aljihu. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Yau sati uku ke nan. Yaya ya faɗa a majalisarsu cewa an cuce shi, magana ta zaga, har na ji an ce wasu sun je sun karɓe kwamfutocinsu daga shagon Yaya Sagir ba a gama gyara ba. Shi kuwa bai ambaci sunana ga kowa ba. Shekaranjiya na haɗu da shi a hanyar Kusugu ina dawowa daga makaranta, na rasa inda zan sa kaina. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya ce, “Malama, ya jarrabawa? Ki mayar da hankali a kanta, sauran ba naki ba ne. Ki gaida Inna.” Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na shiga gida na wuce banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na ce wa Inna ciwon kai ne.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne, magana ta kai ga iyaye. Mahaifin Yaya Sagir ya zo wajen Baba, ya ce ɗansa na cewa wani ya rufe kwamfutar amma ya ƙi faɗin wa yake zargi. Baba ya kira Yaya, ina bayan labule ina ji. Ya ce, “Ka tabbata ba wanda ya taɓa ta in ba kai ba?” Yaya ya ce, “Baba, makulli daga ni sai Auta. Auta kuwa ko allura ta gani a ƙasa sai ta tambaya kafin ta ɗauka. In an so in dafa Alƙur’ani a kan haka, zan dafa.” Baba ya ce rantsuwa ba abin wasa ba ce, amma tunda abin ya taɓa sana’ar mutum da mutuncinsa, su haɗu a soro ranar Juma’a bayan la’asar a gama magana. Ko tambayata ba wanda ya yi. Yayana zai ɗora hannu a kan littafin Allah saboda ya yarda da ni.

Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa. Jiya har na yi sallama ya amsa, na same shi zaune a kujerar motar, allunan a kashe, yana cin gyaɗa. Ya ce, “Auta, ya aka yi?” Na ce, “Inna ce ta ce ko za ka ci tuwo.” Ya ce, “Ke kaɗai ce ba ki taɓa ɓata min rai ba a gidan nan, kin sani?” Na juya na fita.

Ba dukan nake tsoro ba, Yaya bai taɓa dukana ba. Ina tsoron yadda zai dube ni. Ina tsoron Inna ta gane fankar sama ƙarya ce, Baba kuma ya ji kunya a gaban mahaifin Yaya Sagir, a ce ’yarsa ce ta yi shiru sati uku ana ɓata sunan bawan Allah. Faɗa dai na san sai na faɗa, ba zan bari a yi rantsuwar nan ba. Amma ta ina zan fara, ni da muryata ke maƙalewa? In fara samun Inna ta shige min gaba? In rubuta wa Yaya a takarda in tura ta ƙarƙashin ƙofa, ko hakan ma wata ɓuya ce? Ko Yaya Sagir ya kamata in fara neman gafararsa, tunda shi aka fi zalunta? Yau Laraba, gobe ce kawai ta rage min.

Don Allah ku gaya min, me zan yi?